Kunnen Zinare na Garin Malang

Allah Ya yi wa garinmu Malang baiwa iri-iri. Ya ba mu sanyin tsauni, Ya ba mu tuffa, Ya ba mu miyar bakso mai dunƙulen nama, sannan Ya cike mana ni'imar da Pak Darmaji, wato Malam Darmaji a yarenmu. Sauran garuruwa masu sauraren waƙa gare su, mu kuwa masani muka samu. Tun da ya yi ritaya daga ofishin ruwa, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi a takardun da bai karanta ba, bawan Allahn nan ya sadaukar da kunnuwansa ga al'umma. Shi ne shugaban Ƙungiyar Masoya Bram Kelana, mawaƙin rok ɗin nan da ya haukata iyayenmu mata a zamanin wando mai faɗin ƙafa. Shi ya raɗa wa kansa Kunnen Zinare, don ya hutar da jama'a wahalar nema masa suna. A bayan idonsa dai Pak Kunne ake ce masa.

Ka gan shi ranar Lahadi a taron ƙungiya, ka ga mulki. Gashi ya sha baƙin rini da mai, an tayar da tukku a goshi. Tumbi na gaba, shi yana biye. A jikinsa kuma rigar fata baƙa, wadda rabonta da rufuwa tun ana kallon talabijin marar launi.

Rigar nan ita ce komai nasa. Wanda bai ji tarihinta sau ɗari ba, to baƙo ne a Malang. Wai a shekarar saba'in da takwas Om Bram, wato Kawu Bram kamar yadda muke kiran mawaƙin, na waƙa a filin ƙwallo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Wani siririn saurayi ya haye dandamali da laimar uwarsa, ya riƙe wa mawaƙin har aka tashi. Om Bram ya tuɓe rigarsa ya yafa masa. Saurayin nan shi ne Darmaji, kuma wannan labarin, abin mamaki, gaskiya ne. Da ya kafa ƙungiya sai karamci ya kwashe shi, ya ba ta rigar kyauta, ya kafa doka da bakinsa cewa shugaba kaɗai ke sa ta. Bai ga abin tsoro ba, tunda a lissafinsa shugabanci da numfashinsa tare za su fita.

Fatawarsa ɗaya ce, ya kuma rarraba ta kyauta a ko'ina, daga shagon aski har gidan makoki.

"Faifai biyar na farko zinare ne," in ji shi, yatsa a sama. "Daga ranar da Bram ya aske gashi aka yi masa aikin maƙogwaro, shi ke nan, an rufe littafi. Duk abin da ya fitar da tsufansa ruwan wankin shinkafa ne. Na ƙarshen nan kuwa, *Magaribar Gita*, ku ba ni shi in kankare kwakwa da shi."

Kada ka ɗauka bai mallake su ba. Haba, Kunnen Zinare guda? Duk suna jere a kabad ɗin gilashi a falonsa. Sai dai ka san halin masu tara faifai: wanda ba a yage ledarsa ba shi ne mai daraja, shi ake nuna wa baƙo a yi taƙama. To faifan tsufan Om Bram guda shida, duk cikin ledarsu ta kamfani suke, ƙal, ko yatsa bai taɓa su ba. Sauraren waƙa a waya kuma ya haramta wa kansa, ya ce wannan cin abinci ne da safar hannu. In ka tambaye shi ta ina ya ji su har ya yanke hukunci, sai ya dube ka da tausayi.

"Yaro, likita sai ya sha fitsari kafin ya gane ciwon suga? Hoton bango kawai na kalla. Mutum zaune a kujera da tabarau! Rok a zaune?"

Sai ya kafa doka ta biyu: a taron ƙungiya ba a kunna waƙar tsufa, ba a ma ambatarta. Wanda ya yi subutar baki shi zai sayi kofi da soyayyar ayaba na kowa.

Ƙungiya ta rabu biyu. Akwai 'Yan Fari, su ne shi da wasu tsofaffi uku masu gyangyaɗi. Akwai 'Yan Magariba, su ne sauran jama'a. Uwarsu Bu Lastri, wato Iya Lastri, mai rumfar bakso a bakin tasha, mace mai murya kamar lasifika. Ita ta ce tun da mijinta ya rasu babu abin da ya riƙe ta sai waƙoƙin tsufan nan, domin a cikinsu Om Bram ya daina ihu ya fara magana. Pak Darmaji ya ce ai shi ne matsalar, mawaƙin rok ba limami ba ne.

A yi wa mutane adalci, sun so su taimake shi. Mas Teguh wanzami, magatakardan ƙungiya, ya taɓa rage murya yana tsakiyar yi masa aski.

"Pak, don Allah ko waƙa ta huɗu ta *Magaribar Gita* ka saurara. Ita kaɗai."

"Kofi da ayaba na kowa, ranar Lahadi," in ji shugaba, ido a rufe.

Wasu biyu suka gwada, su ma suka sayi ayaba. Daga nan Bu Lastri ta ce, "Ku ƙyale shi. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho." Aka ƙyale shi, shekaru suka yi ta wucewa.

Ana nan sai labari ya zo cewa Om Bram da kansa zai biyo ta Malang, kuma ya yarda ya ci abincin rana da masoyansa. Ranar ta faɗo daidai da zaɓen shugaba, wanda a da ake yi da tafi kawai. Bana kuwa Bu Lastri ta ce tana so. Pak Darmaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma da ya koma gida sai ya ɗauko rigar ya rungume, ya daɗe yana shinshina ta. Gaskiya ya tsorata. Ba tare da rigar nan ba, shi wane ne? Tsohon ma'aikacin ruwa mai rinannen gashi.

Sai dabara ta zo masa. Za a yi tumpeng, tulin shinkafa rawaya mai tsini, kuma kowa ya san babban baƙo ke yanke tsinin ya miƙa wa wanda ya fi girmamawa a wurin. In Om Bram ya ba shi tsinin a gaban jama'a, wa zai ɗaga hannu ya zaɓi mai bakso? Ya sa aka yi tulin ya kai ƙugu. Ya sake rini. Ya kwana uku yana yi wa madubi jawabi, madubin ma bai sami damar cewa uffan ba.

Ranar Lahadi zauren unguwa ya cika maƙil. Aka jera faifan shugaba a tebur kusa da tumpeng, don baƙo ya ga irin masoyan da yake da su. Mota ta tsaya, aka fito da wani ɗan tsamurmurin tsoho da sanda da tabarau, da abin ji a kunne. Mata suka fashe da kuka. Pak Darmaji ya damƙe makirfo kafin tsohon ya gama zama.

"Om Bram, mu masoyan gaskiya ba ma fadanci," ya fara, yana gyara wuyan riga. "Ni kunnena ba ya karɓar cin hanci. Ka ba duniya faifai biyar, tarihi ya gode. Amma abin da ya biyo baya, Om, ka yi haƙuri, an cuce ka. Musamman *Magaribar Gita*. Na auna shi, na tace shi, na juya shi ciki da waje, ban sami waƙa ɗaya da ta cancanci bakinka ba. Ɗaya tak! Shawarata, a matsayin wanda ya san ka fiye da yadda ka san kanka, ka tara gashi ka tashi tsaye."

Zaure ya yi tsit. Mas Teguh ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Shugaba ya ɗauka girman hikima ne ya kashe bakin jama'a, ya ƙara minti ashirin.

Om Bram bai yi fushi ba, wataƙila rabin jawabin bai ma shiga abin jinsa ba. Idonsa na kan rigar. Ya miƙa hannu ya shafa wani tabo a kafaɗa.

"Wannan ƙunar sigarina ce," in ji shi a hankali. "Kai ne yaron laima?"

Pak Darmaji ya kumbura har maɓallin wando ya yi ƙara. "Ni ne, Om."

"Allahu akbar. Dik Darmaji, ƙanena! Ai na daɗe ina cigiyarka a raina. Na ce yaron nan ko ya mutu ne? Na yi masa waƙa sukutum, ko gaisuwa bai aiko ba."

"Waƙa, Om?"

"*Yaron Laima* mana. Ta huɗu a faifan da ka ce ka tace."

Kafin shugaba ya haɗiye yawu, tsohon ya jawo gitar wani saurayi ya ɗora a cinya. A zaune, da tabarau. Ya kaɗa, ya fara da wata dusasshiyar murya, kan ruwan sama da filin ƙwallo da siririn yaro mai rawar sanyi wanda bai sauke hannu ba. Da aka zo amshi, zauren nan kaf ya ɗauka. Bu Lastri na yi tana share hawaye da gefen ɗankwali. Masu raba abinci na yi. Kai, har tsofaffin nan uku na 'Yan Fari suka farka suna yi, ashe munafukan a ɓoye suke saurare. Amshin kuwa sunansa ne ƙarara, Darmaji na Malang.

Om Bram ya tura masa makirfo. "Taka ce, Dik. Ja mana baiti na biyu."

Kunnen Zinare ya buɗe baki. Ya rufe. Ya yi ɗan tari, ya gwada wani gurnani ta hanci, ya kaɗa ƙafa ba a kan kiɗa ba. Mutum ɗaya ne a duk Malang bai san waƙar Darmaji ba, kuma shi ke riƙe da makirfo. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Tsohon ya tsayar da kiɗa. Ya juya ga tebur, ya ɗauki *Magaribar Gita*, ya juya shi, leda ta yi ƙyalli. Ya ɗauki na kusa da shi, leda. Na gaba, leda.

"Sababbi ƙal," in ji shi. "Ko a kamfani ba a adana mini su haka ba."

"Don daraja ne, Om," in ji Pak Darmaji, da wata 'yar murya da ba mu san yana da ita ba.

Bu Lastri ta ce daga baya, "Ai kunnen zinare ne, Om. Ba a sa shi kullum, kada ya goge." Dariyar da aka yi, sai da masu babur a waje suka leƙo.

Aka zo yankan tumpeng. Om Bram ya yanke tsinin ya ɗora a faranti, ya tambaya wace ce ya ji muryarta ta fi ta kowa a amshi. Bu Lastri ta karɓa da hannu biyu. Zaɓe kuma bai ɗauki lokacin shan kofi ba. Doka dokarsa ce, don haka Pak Darmaji ya tuɓe rigar da kansa, hannun hagu ya maƙale, sai da Mas Teguh ya ja. Aka yafa wa mai bakso, ta zauna mata ɗas, har zif ya rufu. Na rantse na tausaya masa a lokacin, yana tsaye da 'yar singileti da rini na gangarowa ta bayan kunne.

Da Om Bram zai tafi, ya nemi alƙalami mai kauri. Ya ɗauki *Magaribar Gita*, ya yi rubutu a kan ledar, ya sa hannu da ƙaton sa hannunsa, ya miƙa masa. Abin da ya rubuta: "Dik Darmaji, buɗe ka ji."

To nan fa ake yinta. In ya buɗe, ya yage sa hannun Bram Kelana. Mai tara faifai kuwa gara ya yage fatarsa. Faifan na nan a kabad ɗin gilashi, cikin ledarsa, da umarnin a rubuce a goshi.

Yanzu kullum da hantsi za ka gan shi a rumfar bakso ta bakin tasha, ya zauna dab da 'yar rediyon Bu Lastri, yana juya cokali a kwano ɗaya har miya ta huce. Ya riga ya sanar da masu jiran mota cewa shi tun fil azal ya san *Magaribar Gita* ne gwanin faifan Om Bram, jarraba jama'a kawai yake yi. Ita kuwa shugaba, sanye da rigar fata a gaban tukunya, tana kunna masa ta ɗaya, ta biyu, ta uku. In an zo ta huɗu sai ta tsallake.

"Ka yi haƙuri, Pak Kunne," in ji ta. "Wannan ruwan wankin shinkafa ce."