A Nemo wa Bayana Lambarsa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin da ke Raba wa Ciwo Lamba,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ina fatan kai da na'urorinka kuna lafiya, babu mai ciwon baya a cikinku.

Sai da maƙwabciyata Josephine, tsohuwar nas, ta karanta min takardar da aka ba ni a asibitinku na Tarauni, sannan na gane abin da ya same ni. Ashe ban ji rauni ba. Lambar da kuka ba ni cewa ta yi tsufa ne kawai, irin na mace marar aiki. Na gode da wannan ilimi. Ni da na ɗauka bayana ya yi ƙas ne ranar da na ɗago maigidana, Baban Murtala, daga banɗaki, bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Allah ya jiƙansa, ba ƙaramin mutum ba ne. Cuta ta ci namansa amma ta bar min ƙashin.

Ga 'yan koke-kokena, in ba za su takura maka ba.

Na ɗaya. Ma'aikacinka, mutum mai fara'a, ya tambaye ni aikin me nake yi. Na ce ba na aiki, ina gida. Ranka ya daɗe, wace mace ce a Gyaɗi-Gyaɗi za ta kira jinyar mijinta aiki a gaban baƙo? Haka muke amsawa, uwarsa ma haka za ta amsa. Bai ƙara tambaya ba, ya danna na'ura. Shekarun da na yi ina juya maigidana, ina masa wanka, ina cicciɓa shi zuwa adaidaita sahu, duk suka shige cikin danna ɗaya.

Na biyu. An ce na makara, wai mai rauni na gaskiya ba ya zama a gida wata da watanni. Maigidana yana da rai ban ga wanda zan bar wa shi ba, da ya rasu kuma na shiga takaba. An ce min ciwo uzuri ne, in fita. Na sani. Ƙafata ce ta ƙi barin ɗakin. Shin na'urarka ba ta taɓa jin labarin takaba ba? A Kano fa take zaune.

Na uku. Wanda ke gabana a layi targaɗe ya yi wajen buga ƙwallo. Nan take aka samo masa lamba, aka tura shi gashin ƙashi, katinsa na inshora ya ɗauka. Ba na masa baƙin ciki, Allah ya ba su kofi. Ni kuwa lambata man shafawa ta ba ni da shawarar in rage zama. Wallahi na yi dariya har bayan ya amsa.

Na huɗu, wanda ya fi min ciwo. Josephine ta ce a littafinku akwai lamba ta musamman don wanda ya ji ciwo wajen ɗaga majinyaci. Tana nan ashe, sabuwa fil, kuna adana ta. Wa ake jira? In baƙo ake ajiye wa, ga ni na iso.

Ba lada nake nema a wurinka ba, wannan yana wurin Wanda ba ya kuskuren lamba. Duk sanda na ɗaga Malam yakan ce, na yi nauyi ko, Talatu? In ce masa kamar auduga. Shi kaɗai na yarda in yi wa wannan ƙaryar. Kai kuwa ina roƙonka ka rubuta gaskiya: yana da nauyi, kuma ni na ɗauka.

Har yau ba a gyara lambar ba, ba a yi min gashin ba. A zaune nake sallah. Katifarsa tana nan a ɗaki, ban iya fitar da ita rana ba.

Taka mai biyayya, da na durƙusa maka in da bayan zai bari,

Talatu, matar marigayi Malam Isyaku
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano