Yadda Na Kai Janar Taron Yaƙi da Tsutsar Dila

Jama'a, yau na bar gida da kare lafiyayye, na dawo da riga mai hoton dila da kunya cike da ciki.

Karen nawa sunansa Janar. Tun da na ajiye alli na yi ritaya, shi kaɗai ya rage mai sauraron maganata har ƙarshe. To, sai rediyo ya ce wai wata tsutsar ciki mai kama da zare tana yawo a cikin diloli da yanyawa, tana bin daji daga wajen Kachia tana nufo mu. Dabba ta yi kashi a ciyawa, akuya ta ci, kare ya ci ɗanyen kayan cikin akuyar, daga nan sai yaran gida.

Uwargida Bernice ta dubi jikarmu Tamar tana rungume da wuyan Janar, ta ce, "Baban Justin, ko ka samo ma karen nan magani, ko in kira Gershon." Gershon maƙwabcinmu ne mai sayar da farfesun kare, kuma ya daɗe yana gaida Janar da fara'ar da ba ta kwanta mini ba.

Da na ji Kwamitin Sa Ido Kan Kashin Namun Daji zai ƙaddamar da yaƙi da tsutsar a nan Kafanchan, sai na ja igiya muka tafi. Kai, manyanmu sun iya yaƙi! Rumfuna, makaɗa, motoci masu baƙin gilashi, ga awaki ana ta yankawa a bayan fili domin baƙi. Mai Girma Garkuwan Hanjin Talakawa ya nuna wata ƙatuwar taswira da sanda, ya ce jan launin da ke nuna inda tsutsar ta kai ya tsaya daidai kan iyakarmu, domin ba a ba tsutsar izinin shigowa ba. Allah ya ƙara masa basira, ashe dila ma yana duba allon kan hanya kafin ya tsuguna.

Na ɗaga hannu na tambayi magani. Wani mai rataye da kati a wuya ya ce, "Baba, magani yana fes tu, wato zango na biyu. Yanzu wayar da kai ne." Sai aka fito da buhun riguna. Ni da na zo ceton rai, na ɗaure Janar a gindin mangwaro na kutsa layi, har na yi cacar baki da wata dattijuwar zumuntar mata a kan riga mai girman tumbina. Da Mai Girma ya tashi tafiya, ba wanda ya kai ni tafi.

Na dawo na tarar da Janar yana lasar baki. Wata mai girkin taron ta ce, "Baba, karenka ya yi sa'a. Hantan akuya ɗaya ne ya yi ƙuraje masu ruwa, ba za mu ba manya ba, sai na jefa mishi." Abin da aka zana a bayan rigar da ke hannuna ke nan, an ja masa jan layi.

A gida ban iya ɓoyewa ba, domin Bernice tana karanta fuskata kamar littafin waƙoƙin coci. Ta janye Tamar ɗaki, ta ce, "Kare ya je lafiya, ka kai shi ya karɓo tsutsa daga hannun gwamnati. Gershon zai zo da yamma." Gaskiyarta ce, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, don ina son yarinyar nan, ina kuma son karen nan.

Sai na yi abin da na ga ya dace da mai ilimi. Kafin Gershon ya gama wasa wuƙa, na ɗora Janar a kan mashin na kai shi gonar ƙanena Ishmael a Madakiya, can bakin daji inda awaki ke kiwo, diloli ke zagaye. Sai da na baro shi can, ni da mai mashin muka kamo hanyar dawowa, iska ta bugi kaina, na gane abin da na aikata.

Saboda haka idan kun ji an ƙara jan launi a taswira wajen Madakiya, kada ku ɗora wa dila laifi. A kan mashin tsutsar ta je, kuma ni na riƙe ta a cinya don kada ta faɗi.