Shekarar Mai Adda

Ko zan manta da komai na zaman lakol, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na shiga tarihin ƙungiyarmu da adda a hannu ba. Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi.

Makarantarmu ta horar da malamai ce, 'yar ƙarama, nan kusa da Cadawa. Mu ɗaliban ba mu da wani yawa, amma ƙungiyoyi kamar me! Ga 'yan wasan kwaikwayo, ga 'yan ƙwallo, ga ƙungiyar 'yan Gangara, ga ta 'yan Sae Sabuwa (kowane gari da tasa, ko da su biyar ne). Wadda ta fi duka tsufa da daraja ita ce ƙungiyar itatuwa. Tana da filinta a bayan azuzuwa, kuma shugabanta shi ke tarbar baƙi duk ranar da manya suka zo daga Maradi. To, wannan tarbar baƙin ce ta tsone mini ido. Na hango kaina cikin farar riga ina gaisawa da manya, na ce wallahi kujerar nan tawa ce.

Ni fa ɗan birni ne, a shagon babana na tashi cikin Maradi. Abin da na sani game da itace bai wuce inuwa da hura wuta ba. Amma baki kam, Allah ya ba ni. Na shiga ƙungiyar saura wata guda zaɓe, na halarci taro uku, duk a cikin aji, kuma duk ukun ni na fi kowa zuba. Filin kuwa ban taɓa taka shi ba (rana ta yi yawa, ku gane). A taro na uku na miƙe na ce na tsaya takara.

Wadda muka tsaya da ita Habsatu ce, 'yar Sae Sabuwa, yarinya shiru-shiru da sai ta wuni ba ka ji muryarta ba. Na ce a raina an gama, wannan ai ba gasa ba ce. Lawali, abokina da muke kwana ɗaki ɗaya, ya dube ni ya ce, "Kai dai je ka ga filin nan tukuna. Mutanen nan aiki suke dubawa, ba Faransanci ba."

Aiki? Ai kuwa za su ga aiki!

Ranar zaɓe ta faɗo Asabar, babu karatu. Ina sallame asuba na ɗauko adda a ɗakin kayan aiki na nufi filin ni kaɗai. Can ƙarshe manyan itatuwa ne masu kyau, amma nan gaba, wayyo, ƙazanta! Sabara da kalgo sun tsiro ko'ina, wani iya gwiwa, wani har kafaɗa, kuma kowanne da tsumma a ɗaure. Na ce ka ji mutane, suna ta surutun itatuwa amma sun bar filinsu ya zama juji. Daɗi ya kama ni, don na samu abin da zan kayar da Habsatu da shi.

Na duƙa na hau sara. Ni da ban taɓa riƙe adda ba, ranar har waƙa nake yi. Hannuna ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa, ban damu ba. Kafin hantsi na share wurin tas, na tara rassan tsibi guda, na kwance tsummokaran na zuba a kai. Sannan (a nan ne Shaiɗan ya ƙara mini basira) na samo kwali na rubuta da manyan baƙaƙe: AIKIN ƊAN TAKARARKU, na sa sunana ɓaro-ɓaro, na kafa shi a saman tsibin. Na ruga na yi wanka, na zuba farar rigar nan.

Al'adar ƙungiyar, wadda sai ranar na sani, ita ce kafin zaɓe Mushe Idi, malamin da ke kula da mu, ya zagaya da kowa cikin filin yana ba da tarihi. Ta ƙofar baya muka shiga, wajen manyan itatuwan. Yana fuskantar mu yana tafiya da baya-baya, kamar yadda ya saba a aji. Ya dafa wani ƙaton gawo.

"Wannan na ɗaliban farko ne," in ji shi. "Ba dasa shi suka yi ba. Toho suka tarar, suka rage masa rassa, suka ɗaura masa ƙyalle don kowa ya san yana da mai shi. Tun daga nan duk ajin da ya shigo haka yake yi, sassaben zamani, irin wanda iyayenku ke yi a gona. Ba mu da littafin tarihi. Ga tarihinmu nan a tsaye."

Ƙyalle. Ya ce ƙyalle.

Na ji ɗalibai sun fara ƙus-ƙus suna leƙen bayan Mushe, shi kuwa bawan Allah bai sani ba, yana ta ja da baya yana lissafo azuzuwa. Kowane taku itatuwan na ƙara gajarta, ni kuma gumi na ƙara jiƙa farar rigata. Na auna nisan da ke tsakanina da kwalin nan, na ga ko barewa ce ni ba zan riga su ba. Lawali ya matso ya raɗa mini, "Kai, ina ka tafi da asuba?" Na yi kamar ban ji shi ba.

"Yanzu kuma ga na shekaru biyar ɗin nan, har da naku," Mushe ya ce, ya juya.

Fili fetal. Sai kututture.

Mushe ya cire tabarau ya goge, ya taka har gaban tsibin, ya karanta kwalin da ƙarfi, a hankali, har sunana, har sunan babana. Habsatu ta sunkuya ta zaro wani shuɗin ƙyalle daga cikin rassan, ta kakkaɓe shi. "Wannan gefen kallabina ne," ta ce. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Mushe ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya aike ka?"

Ni da bakin nan nawa, abin da kawai ya fito shi ne, "Mushe, na ga wurin da datti ne."

Wani ya fashe da dariya, sai kowa ya ɗauka, har masu hawayen takaici.

Zaɓen kuwa na layi ne, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Lawali ya zo bayana don zumunci. Da na sake waigawa, sai na hango shi a layin Habsatu yana duban sama.

Hukuncin farko da sabuwar shugaba ta yanke a kaina ya faɗa. "Saiwar tana nan da rai," ta ce, "in damina ta sauka za su sake toho. Kai za ka tsare su daga awaki har mu gama lakol." Haka na yi, shekara biyu, cikin ranar nan da nake gudu.

Bara na koma makarantar ziyara, yanzu ni ma malami ne, Mushe ake ce mini. Shugaban ƙungiyar na yanzu ya tarbe ni (aikin da na so, ka ji), ya zagaya da ni filin. Muka iso wasu itatuwa da tsayinsu ya zo ɗaya cif, ya ce, "Waɗannan na azuzuwa biyar ne, amma tare suka tashi. Shekarar Mai Adda muke ce mata. Mushe, ko ka san shi?"

Na ce, "Na taɓa jin labarinsa."

Tarihi dai na nema na shiga, kuma na shiga. Yanzu ko a ƙofar ɗakina na ga tsumma a ɗaure, sai na tambayi mai shi kafin in taɓa.