Ranar da Kunnen Surukina Ya Maƙale a Allo

Ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa hoton surukina ba, a shagonsa na tayil da ke Gauraka. Lokacin ina neman auren 'yarsa, shi kuwa a wurinsa gina shafin intanet zaman kashe wando ne kawai. Don in wanke kaina sai na yi wa shagon shafi (gaskiya na wani na sauko da shi, na canza hotuna). Hoton Baba, wato surukin nawa, yana shigowa daga gefen allo, ya wuce, ya sake dawowa.

Ya tara maƙwabta kallo, har da Oga Emeka mai fenti.

"Ya yi kyau," in ji Baba, "amma me ya sa nake gudu kamar ɗan acaɓa? Rage mini sauri."

Na gyara zama ina ƙasaita, na rubuta umarni a yaren kwamfuta na JavaScript mai karanto lokacin motsin. Ya nuna mini 2000. Kaina ya ɗaure. Ni da wani yaren na saba, CSS, inda ake rubuta daƙiƙa biyu ko uku. Dubu biyun mene ne kuma? Na ce ai mai shafin na asali ne ya yi shirme, na goge na sa 5.

Nan take Baba ya kama ƙyaftawa kamar ƙwan lantarki mai shirin mutuwa.

"Alhaji, you don turn disco!" in ji Oga Emeka.

Na hau danna sifili a bayan biyar ɗin ba ƙidaya. Ƙyaftawar ta tsaya, amma yanzu ba abin da ya leƙo sai kunne ɗaya da gefen hula. Muka zuba ido. Shiru.

"Yaro, saurana fa?"

"Yana hanya, Baba."

Aka kira azahar, muka je muka dawo, ido ɗaya ne ya ƙaru. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Sai a mota, a hanyar gida daidai Magajiya, na bincika na gane: a JavaScript dubu ce daƙiƙa ɗaya. Dubu biyar kawai ya kamata in rubuta.

Baba dai ya ba ni 'yar, yana cewa tausayina ya ji. Har yau in an tambaye shi sana'ata, cewa yake gyaran talabijin nake koyo. Ni kuwa tun ranar, lambar da ban gane ba ba na taɓa ta a gaban mutane, balle a gaban wanda zai yanke mini sadaki.