Kafireta da Butar Gahawa

Wani mutum ne a unguwarmu ta Cerro, a nan Habana. Ba zan faɗi sunansa ba, domin a zamaninmu an koya mana ladabi. Ya gaji wata motar Amurka mai buɗaɗɗen sama, ƙirar 1953, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana zaman ɗakin kaji.

'Yarsa Yamilé za ta cika shekara sha biyar ran Asabar, kuma ya rantse a gaban dangi cewa a wannan motar za a zaga da ita bakin teku cikin rigar biki, kamar yadda ake yi wa kowace 'yar mutunci a nan idan ta cika sha biyar.

Ya kira Evaristo bakanike. Evaristo ya leƙa, ya ce, "Ɗan'uwa, kafiretarka ta toshe. Matatarta ta ruɓe, robarta ta cinye, kuma babu irinsu a tsibirin nan kaf."

"To, yaya za a yi?"

"Yadda kowa ke yi. Duba cikin gidanka, ka samo abin da ya yi kama da su."

Mutumin ya shiga kicin, ya kwance butar gahawar matarsa Odalys, ya ɗauki matatarta da robarta ya ɗaura wa kafireta. Domin kada a gane, sai ya mayar wa butar da tsofaffin na mota, har da ƙarin wani sifirin da ya rasa inda zai sa.

Ya murza makulli. Mota ta yi tari sau uku, salansa ta fara ɗigar baƙin ruwa mai ƙamshin gahawa. Kafin a jima maƙwabta sun yi layi da kofuna. Wani ya ce, "Maigida, ɗan taka totur, nawa bai yi kauri ba."

Amma ko taku ɗaya motar ba ta yi ba.

Ran Asabar da safe, Yamilé tana zaune a kujerar bayan mota tana kuka, kwalliya tana narkewa. Odalys ta ɗora buta a wuta. Butar ta yi gurnani, ta fitar da shuɗin hayaƙi, ta zaga murhu sau biyu. Duk da haka aka zuba wa surukar mutumin, Doña Eulalia, mai shekara tamanin da tara, wadda rabonta da tashi daga kujera tun guguwar bara waccan.

Tsohuwa ta kurɓa. Ta yi gyatsa mai ƙara. Ta miƙe, ta jefar da sanda, ta ce wa mutumin, "Matsa can, ragon banza! Jikata, riƙe rigarki!"

Ta dafa bayan mota. Ta tura su tun daga Cerro har ƙarshen bakin teku, ta wuce bas biyu a hanya.

Da suka dawo, mutumin ya ce wa Evaristo, "Gobe sai mu sake kwance kafiretar ko?"

Evaristo ya dubi tsohuwa tana huci, ya ce, "Kada ka taɓa komai. Faɗa mini dai, kilomita nawa take yi a kofi ɗaya?"