Ranar Da Na Fasa Wa Anti Rifkatu Tub

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Sharada ba, ranar da na yi aikin faci na farko a rayuwata, wanda kuma shi ne na ƙarshe.

Ni ne mai kula da sito a wani kamfanin robobi, kuma a babur nake zuwa aiki daga Kumbotso. Wata rana na ga wani bidiyo a waya, wani mutum ya gyara tayar babur cikin minti uku ba tare da ya cire ta ba. Ya zare ƙusa, ya soka wani tsinke mai kaushi ya buɗa ramin, ya tura igiyar roba mai danƙo da wata ƙatuwar allura, ya ba ta iska, shi ke nan. Washegari na sayo kayan har da ɗan famfo, na ɗaure su a bayan babur.

Daga nan na zama malami. A wurin cin abinci, a bakin masallaci, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji cewa zamanin masu faci ya wuce. Matsalar kawai, wata biyu cur tayata ta ƙi yin faci. (Allah Ya yafe mini, har ta gaban masu walda nake bi da gangan ko zan taka wani abu.)

Ranar Larabar, an tashi ma'aikatan safe ƙarfe biyu, sai na hango mutane sun kewaye wani babur roba-roba a bakin ƙofa. Na Anti Rifkatu ne, wata mata 'yar kudancin Kaduna da ta fi shekara goma tana aiki a kan injin bokiti. Tayar baya ta kwanta, ga kan wata ƙusa yana ƙyalli a jikinta. Ranar kuma za a sallami mahaifiyarta daga asibiti, an ce ta je kafin ƙarfe uku.

Maimakon tausayi, wallahi daɗi na ji.

Na ce, “Anti, kwantar da hankalinki. Minti uku.”

Na shimfiɗa kayan a ƙasa kamar wanzami, na naɗe hannun riga. Ta ce, “Malam, tsaya, wannan tayar fa...”

“Na sani, Anti. Duk taya taya ce.”

Na zare ƙusar da filaya. Na ga gajeriya ce ƙwarai, amma ban tsaya tunani ba, domin jama'a suna kallo. Na ɗora tsinken a wurin na danna, ya ƙi shiga. Na sa ƙarfi, na haɗa da gwiwa, sai ya faɗa ciki. 'Yar iskar da ta rage ta fito da wani dogon tsaki. Na juyo na yi wa jama'a bayani cewa haka ake so. Na tura igiya, na yanke bakinta, na hau famfo.

Na buga har gumi ya jiƙa mini baya, taya ko motsi. Na ce igiya ɗaya ta yi kaɗan, na sake soka tsinke, na ƙara ta biyu. Har yanzu shiru. Anti Rifkatu tana ta duba agogon wayarta. Masu kallo kuma, waɗanda na sha cika wa kunne, babu wanda ya tafi gida.

Uku saura kwata na haƙura. Ni na tura babur ɗin har bakin titi wurin mai faci, wani dattijo mutumin Nijar da ke zama a gindin darbejiya. Ita tana gefena, mutum biyar ko shida suna biye da mu, wai rakiya.

Dattijon ya ɓalle tayar, ya zaro tub daga ciki. (A lokacin ne na tuna mutumin bidiyon ya yi ta maimaita wata kalma, wai kayan na taya marar tub ne. Ni hannunsa kawai nake kallo.) Ya ɗaga tub ɗin sama. Igiyoyina guda biyu suna lilo a jikinsa, tsinken kuma ya shiga ta nan ya ɓulla ta can.

Ya duba bakin da ake ba tayar iska, ya taɓa shi da yatsa. Ya karɓi ƙusar ya gwada ta da kaurin tayar.

Ya ce, “Hajiya, wannan ƙusar ba ta kai ga tub ba. Bakin ne ya saki, murɗawa ɗaya ya isa. Amma wannan yankan, wa ya yi miki? Kina da abokin gaba a wurin aiki?”

Na shiga duba wayata kamar an kira ni.

Anti Rifkatu ta ce, cikin ladabi, “A'a, Baba. Injiniyanmu ne. Ga shi nan.”

Dattijon ya dube ni tun daga hula har takalmi. Bai yi dariya ba, wanda da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, “Allah Ya ƙara basira.” 'Yan rakiya suka amsa da amin, baki ɗaya.

Na tare mata adaidaita sahu ta wuce asibiti, ni na zauna a benci har aka sa sabon tub, na kai mata babur ɗin gida da la'asar. Ta isa a makare, amma an sallami tsohuwar. Da na fara ba ta haƙuri sai ta ce, “Ba komai, Malam. Ai na so in gaya maka.”

Har yau ko takardar fitar da kaya za a kawo mini, sai a ce a kai wa Injiniya ya sa hannu.

Na dai koyi darasi. Yanzu in na ga taya a kwance, sai in yi wa mai ita jaje, in nuna masa hanyar mai faci, in sa hannuwana a aljihu. Na gano wannan shi ne iyakar taimakon da na iya.