Dambun da Ya Hana Tobi Kofi

Na manta da abubuwa da yawa a zamana na Ingila, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na tsaya a lungun wani zauren wasanni a Birmingham, kaina babu ɗankwali, ƙafata ɗaya babu takalmi, kare yana gadina, Turawa sun zuba mini ido babu mai ko tari. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in fara daga Margaret. Maƙwabciyarmu ce a unguwar Gorton, cikin Manchester, bango ɗaya ya raba mu. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika. Matar nan ta yi mini abin da wasu dangin ma ba su yi mini ba. Da muka tare ban san kowa ba, ita ta nuna mini kasuwa, ita ta raka ni wurin GP, wato likitan unguwa, ita ke ɗauko mini yara daga makaranta in aiki ya riƙe ni a asibiti. Na yi na yi in riƙa ce mata Mama, ta ce ita sunanta take so. (Har yanzu sunan nan yana yi mini nauyi a baki, sa'ar uwata ce fa.)

Aibinta ɗaya a wurina, shi ne Tobi. Karenta ne, irin waɗanda suke kira collie, karnukan da asali kiwon tumaki ake yi da su. Baƙi da fari, gashi buzu-buzu, in ya kalle ka kamar ya san abin da ka ci jiya. Ni kuwa da kare ba ma ga maciji. Ga tsoro, ga batun najasa. Amma ban taɓa faɗa mata ba. Ta yaya mace za ta riƙe miki 'ya'ya, ki buɗi baki ki ce abin da ta fi so a duniya ƙyamarsa kike yi? Sai in tsaya can nesa ina murmushin yaƙe ina cewa ai kyakkyawa ne. Kuma da yake hannuna ba ya iya zuba nama a shara, duk abin da ya yi saura, na kaza ne ko na layya, ta saman shingen bayan gida nake cilla masa in ta shiga ciki. Ni a ganina lada nake samu.

Margaret tana cikin wata ƙungiya ta masu irin wannan kare. Kada ku ɗauka wasa ne. Suna da shugaba, suna da sakatare, suna haɗuwa duk mako a wani fili ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, suna koya wa karnuka zauna, kwanta, tafi, ɗauko. Bangon falonta cike yake da 'yan furannin ƙyalle da Tobi ya ciwo a gasa. Sai dai akwai wani kofi da ƙungiyarsu ke karawa a kansa da takwararta ta Birmingham duk shekara, kuma duk shekara a Birmingham yake kwana. Tobi ya tsufa, ƙafarsa ta baya ta fara ciwo, Margaret ta ce daga wannan gasar ya yi ritaya.

Rannan ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ta ce, “An yi mini aikin ido, likita ya hana ni tuƙi. Za ki kai mu gasar a Birmingham?”

Zuciyata ta ce a'a da ƙarfi. Bakina, wanda aka rene shi da kara, ya ce, “Ba komai, ai abin farin ciki ne.”

To ina da gwaggo a Edgbaston, cikin Birmingham ɗin, ƙanwar babana, tana zaune wurin ɗanta likita. Ba zai yiwu in shiga garin in fita ban gaishe ta ba, kuma ba a zuwa wurin Gwaggo hannu na dukan cinya. Na wuni ina dambun nama, na dake shi, na soya, ya ji citta da yaji, na cika roba. Ranar tafiya aka sa Tobi a kejinsa a bayan mota, daidai inda nake ajiye kaya. Na dubi kejin, na dubi robar, na ce wallahi abincin Gwaggo ba zai shaƙi numfashin kare ba. Na cusa robar a jakar hannuna. Da muka isa ma ban bar ta a mota ba, don motar duk ta ɗauki warinsa.

Ban faɗa muku shigata ba. Na ji an ce gasa, an ce kofi, ga kuma Gwaggo mai sa ido, sai na sha leshi, na kafa ɗauri, na taka takalmi mai tsini, na yi wanka da humra. Na shiga zauren na tarar da kowa cikin rigar sanyi da ta ji jiki da takalmin roba. Ni kaɗai ce kamar uwar amaryar da ta ɓata hanya.

Aka ba ni kujera a layin gaba, dab da igiyar fili, saboda ni baƙuwar Margaret ce. Gaskiya Tobi ya burge. Yana tafe manne da ƙafarta, ta juya ya juya, ta tsaya ya zauna, ta ɗaga yatsa ya kwanta. Matar da ke gefena, sakatariyar ƙungiyar, ta raɗa mini cewa Manchester ce a gaba, in dai an wuce gwajin ƙarshe lafiya, kofi ya zo gida.

Gwajin ƙarshen nan shi ne a jera karnukan duka a kwance, masu su su fice daga zauren, a bar su na wani ɗan lokaci. Karen da ya tashi, makinsa ya zube. Margaret ta ce wa Tobi ya kwanta, ta juya ta fita ba ta ko waiwaya ba. Zaure ya yi tsit.

A cikin wannan shirun ne cikina ya yi ƙara. Ban karya ba tun safe, don na kasa cin komai a motar da kare ke ciki. Na ce bari in ɗan taɓa kaɗan, Gwaggo ba auna shi za ta yi ba. Na buɗe jaka, na ɓalle murfin robar. Da ma a nan na tsaya, in ɗiba in rufe. Amma ni 'yar gidan mutunci ce, ba a koya mini in ci ni kaɗai ana kallo ba. Na ɗaga robar sama, na miƙa wa sakatariya, na miƙa wa na hagu, har na juya ina yi wa na baya tayi.

Fuskar sakatariya ta canja. Idonta na cikin fili. Na bi idonta da kallo. Tobi ya ɗaga hanci. Sauran karnukan ƙamshi kawai suka ji, shi kuwa ya san wannan ƙamshin, ya san kuma hannun da ke cillo shi. Ya miƙe a hankali, ya yi miƙa, ya nufo ni yana kaɗa jela kamar ya ga 'yar'uwarsa.

Ban san lokacin da na ce, “Wayyo Allah na!” ba. Na yi jifa da robar don ya bi ta ya bar ni. Ina na jefa ta? Tsakiyar fili. Dambu kuwa kun san halinsa, ya watse ko'ina. Karnukan Manchester da na Birmingham, waɗanda aka shekara ana koya musu haƙuri, suka tashi gaba ɗaya. Ni kuma na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Abin da ban sani ba, collie ba ya ganin abu na gudu ya ƙyale. Tobi ya bar dambun, ya tuna sana'ar kakanninsa. Na yi dama ya tare, na yi hagu ya sha gabana. Bai yi haushi ba, bai cije ni ba, kora ni kawai yake yi cikin natsuwa kamar tunkiyar da ta bar garke. Ɗaurina ya faɗi, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri, ina ta “Innalillahi” har ya kai ni lungu. Sai ya kwanta a gabana ya kafa mini ido, yana jira a yaba masa.

A haka masu karnukan suka dawo suka same mu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ma dariya suka yi, ko zagi, da na samu abin riƙewa. Wani dattijo ya tsinto mini ɗankwalina da yatsu biyu ya miƙo, har da ce mini sannu. Alƙalai suka haɗa kai, suka ce tunda Tobi ne ya fara tashi, shi ya zubar da maki, sauran kuma a sake musu gwajin. Kofi ya sake kwana a Birmingham.

Ban je wurin Gwaggo ba. Na kira ta a waya, ita kuma ta riga ta tara jikoki suna jiran dambu. Da ta ji bayani ta ce, “Ke yanzu da degree ɗinki, karnukan Nasara kika je kika yi wa walima da rabona? Seriously?” Kafin mu iso Manchester labarin ya kai Kano.

A mota Margaret ta zauna a gefena. Hannunta na kan cinya, tana kallon titi da idonta mai lafiya. Na ba ta haƙuri ya fi a ƙirga, abin da take cewa kawai, “Ba komai.” Ranar na san yadda kalmar nan take da ɗaci in kai ake faɗa wa.

Bayan kwana biyu na kasa daurewa, na je na same ta a ƙofa. Na ce mata tsoron kare nake ji, tun ina yarinya, ban taɓa son Tobi ba, kara ce kawai. Na zaci za ta yi mamaki.

Ta ce, “Na sani tun ranar da kuka tare. Kuma 'yan ƙungiya da yawa sun ce za su ɗauke ni a motarsu.”

Na ce, “To me ya sa kika ce ni?”

Ta ce, “Kowa yana zuwa da nasa, miji ko 'ya. Na so a ce ranar da zai ci kofin, ni ma akwai nawa a zaune.”

Ta ja ƙofarta a hankali ta rufe. Na daɗe a tsaye a wurin, haushin kaina ya cika ni, da haushinta ma kaɗan, don me ba ta faɗa mini haka tun farko ba? Ni ina yi mata kara, ita tana yi mini, muka haɗu muka yi asarar abin da ba zai dawo ba.

Muna gaisawa har yanzu, a bakin shara, gaisuwar da ba ta wuce batun ruwan sama. Yarana kuwa na sa su a wurin renon bayan makaranta, ba don ta ce ta daina ba, ni ce ba ni da idon da zan roƙe ta. Duk layinmu yanzu ba mai murnar ganina kamar Tobi. Abin da na koya ba shi da yawa: in ba za ki iya ba, ki ce ba za ki iya ba tun a ƙofar gida. In kuma kika ce za ki iya, to ki ci abinci kafin ki fita.